Karsanar Ɗanbirni

Maruda, ta Gwandu
Watan Satumba

Zuwa ga jikana Sirajuddeen, angon Dije,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya ƙosa ya ji labari. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke tuna mini shekaruna kowace safiya. Tsohuwar matarka Dije tana gaishe ka. Ta ce tun da ka tafi babu mai yaba tuwonta, na ce mata shekara hamsin ina ci ban mutu ba, wannan ma yabo ne. Gero ya yi kyau bana. Matarka ta gaskiya, Mufida, an kai ta goyon ciki gidan iyayenta a Wurogauri, ta Kalgo, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Na aika Kalgo an dubo ta, tana lafiya.

Ka ce in daina wahalar da kaina da biro, in riƙa yi maka magana a waya. Ban yarda ba. Sai da na haura sittin na zauna a bencin makarantar yamma a Gwandu ina koyon baƙi da wasali, ba zan bar hannun ya mutu ba. Ni zan rubuta, malaminmu Shamsuddeen ya ɗauki hoton takardar ya tura maka. Kai ma ka rubuto da hannunka in karanta da kaina.

Ranar da ka sauka ƙasar Sin ka ce mini sunan garin Hulunbuir, kuma yana cikin biranen da suka fi faɗin ƙasa a duniya. Na ɗauka irin cika bakinka ne. Bayan darasi na sa Malam ya duba a wayarsa, sai ga su a jere. Akwai Nagqu, shi ma a ƙasar Sin, akwai naku, akwai Altamira a Birazil, har da wani a Ostireliya mai suna Kalgoorlie, wanda na ce ko mutanen Kalgo ne suka kafa shi. Malam ya ce faɗin naku ya haura murabba'in kilomita dubu ɗari biyu da hamsin. Na ce, Malam, yi mini da Hausa. Ya ce a ɗauki jihar Kebbi a jera ta kamar sau bakwai. Ya ce ƙasar Gana dukanta za ta shiga ciki har a sami saura. Ya soma wani ƙarin bayani, amma ni na riga na miƙe, don labarin ya fi ƙarfin zama.

Sirajo, ni da na je Kano sau ɗaya na ɓace a bakin kasuwa. Yanzu a ce gini ne daga nan har bayan Kano, bene na dafa bene, kuma jinina yana tafiya a ciki da farar riga ta masu ilimin dabbobi. Ban wuce gida ba sai da na tsaya a majalisarmu ta bakin tashar Gwandu. Yusufu Tela ya ce ƙarya ce, babu garin da ya kai haka. Na karanta masa lambar da bakina.

Kai ka san dalilin murnata. Ka san ranar da aka kira ni ɗan daji a wani ofis, aka kama babban yatsana aka dangwala a takarda, lokacin jinyar marigayi mahaifinka. Ka san ranar da na tumɓuke turke na ƙarshe a gidan nan. Da za ka tafi na karɓi sandarka ta kiwo na soke ta a rufin ɗaki, na ce gidanmu ya gama bin wutsiyar saniya. Ga shi Allah ya nuna mini.

Ka faɗa mini a hawa na nawa kake kwana, kuma yaya kake gane hanyar gida.

Kakanka,
Bawa

*

Hulunbuir, ƙasar Sin
Watan Oktoba

Zuwa ga Kaka, abokin takarata a wurin Dije,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, kuma dole in yarda rubutunka ya fi nawa tsabta. Ka gaya wa matata ta riƙa rage maka miya har in dawo. Ina lafiya. Sanyi ya soma tun yanzu, irin wanda ruwa ke daskarewa a bokiti kafin gari ya waye, amma an ba mu riguna masu kauri. Akwai musulmi a Hailar, wato cibiyar birnin, daga wurinsu ake kawo mana nama. Shayinsu da madara da gishiri ne. Na saba.

Abin da Malam ya karanta maka gaskiya ne. Daga inda nake zuwa Hailar tafiyar awa huɗu ce a mota, kuma duk tafiyar nan ba ka fita daga birnin ba. Ga hotona a gaban tashar jirgin ƙasa ranar da na sauka. Ɗakina a ƙasa yake, don haka gwiwarka ba za ta wahala ba in ka kawo ziyara. Aiki da yawa, tun asuba muke fita. Waya ba ta cika samuwa a nan ba, in ka ji shiru kada ka damu.

Kaka, batun majalisa, don Allah a riƙa sassautawa. Horo ne na shekara guda, zan dawo.

A gaishe da Malam Shamsuddeen. In ka sami mai zuwa Kalgo a duba mini Mufida.

Jikanka,
Sirajuddeen

*

Maruda
Watan Nuwamba

Zuwa ga Sirajuddeen, uban yaro,

Assalamu alaikum. Barka, barka, barka. Na san an gaya maka a waya, amma sai na rubuta da hannuna zan yarda: na ga ɗan jikana. Mufida ta sauka lafiya, yaro ƙato, kunnuwansa irin naka, Allah ya sa hankalin ba irin naka ba. Mu duka lafiya. Gwiwar ma ta manta da ni a makon nan.

Na karanta takardarka sau da yawa. Awa huɗu a mota ba a fita gari ba. Na kai hoton majalisa, Yusufu Tela ya ƙirga tagogin ginin da ke bayanka har ya gaji. Da ka ce a sassauta, na gane bakin mutane kake tsoro. Kada ka damu, kullum ina yi maka tofi.

Mun je suna Wurogauri a mota guda, ni da Dije da Yusufu Tela da mutanen gida. An sa wa yaro sunan marigayi mahaifinka. Ka san ɗan fari ne a wurina, bakina ba ya kama sunan, don haka na yi masa laƙabi nan take: Ɗanbirni.

Bari in ba ka labarin abin dariya. An yi addu'a, an raba goro da dabino, sai surukinka Lawal ya zagaya bayan gida ya dawo riƙe da igiya. Karsana ce bokolo, irin mai guntun ƙahon nan, fara, mai faɗin baya. Ba zan ɓoye maka ba, hannuna ya kai gadon bayanta kafin in ankara, sai na janye. Ya tsaya a gaban jama'a ya ce, “Baffa, ga ta yaro. Ɗiyar saniyar uwarsa ce.”

Na ce, “Malam Lawal, Allah shi saka da alheri. Amma wanga yaro ɗan birni ne. Ubansa na zaune a garin da ya ninka Kebbi sau bakwai. A wane bene za a ɗaure ta?”

Samari suka fashe da dariya, Yusufu har da buga cinya. Na ce, “Mai da ta garke, ta fi amfani can. Shi ga abin da za a ba shi.” Na zaro sabon biro daga aljihu na ce a kai ciki a ajiye a gefen yaro.

Lawal ya ce, “To, Baffa.” Ya naɗe igiyar a hannu ya koma da ita. Mutum ne mai kawaici, ka yi dacen suruki. Wasu dattawan ba su yi dariya ba, ina jin ba su ji abin da na ce ba ne. Dije ma har muka iso gida ba ta ce uffan ba, gajiyar hanya ta kama ta.

Ana gama wankan jego za a maido mana da Mufida da yaro. Na sa an yi wa ɗakinku sabon daɓe.

Kakanka mai farin ciki,
Bawa

*

Maruda
Farkon Janairu

Sirajuddeen,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata kana lafiya. Malam ya ce takardata ta suna ta shiga wayarka tun tuni, har alamar an buɗe ta fito. Ban ga amsa ba. Na san ka ce waya ba ta samuwa, amma ban gane yadda za a rasa waya a gari irin wannan ba.

An yi arba'in, ba a maido da Mufida ba. Na aika mata biyu da goro su ji ranar da za a kawo ta. An karɓe su da mutunci, an ba su fura, aka ce musu sai an gani. Na tambayi Dije ko ta san abin da ake ciki, ta ce in tambayi birona. Na rubuta wa Mufida da kaina na ba direban Kalgo.

Ɗakin yana nan a share. Ka rubuto ko layi biyu ne.

Bawa

*

Wurogauri, ta Kalgo
Watan Janairu

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da girmamawa, ina gaishe da Inna Dije. Ni da yaro muna lafiya, ya soma murmushi. Takardarku ta iso ta hannun direba. Kun tambaye ni kai tsaye, don haka ku gafarce ni zan amsa kai tsaye, ko da yake da nauyi.

Baba bai hana ni dawowa da faɗa ba, kun san ba ya faɗa. Abin da ya ce shi ne, gidan da ba shi da wurin karsanar yaro, bai sani ba ko yana da wurin ɗiyar makiyayi. Tun ranar suna bai ƙara zama a ƙofar gida bayan la'asar ba. Yaran unguwa in sun ga shanunmu za su wuce sai su ce, a wane bene. Ba da mugunta suke yi ba, amma yana ji.

Kaka, uwar karsanar nan ita aka ba ni ranar sunana. Lokacin da mahaifiyata ta yi ciwo ina jaririya, nonon saniyar aka ba ni. Tun ina da ciki Baba ya ware ɗiyarta, yana ba ta dusa da hannunsa. A wurinmu, kuma na san a wurinku ma haka ne, ba a taɓa maido da saniyar suna ba. Yanzu ya ce ba ya son ganinta a garke. Ya yi wa dillali magana, za a kai ta kasuwa kafin watan nan ya ƙare. In aka sayar da ita, ban san abin da zai gyara tsakanin gidajen nan ba.

Akwai wata magana kuma, amma ba a bakina ya kamata ku ji ta ba. Ni ina ganin inda jikanku yake in ya kira ni ta bidiyo. Na gaya masa shirunsa ya isa haka.

Biron yana nan, na adana masa.

Taku,
Mufida

*

Hulunbuir
Watan Janairu

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Yau babu wasa a bakina. Takardarka ta suna ta iso da wuri. Gaskiya ne ƙanƙara ta rufe hanya kuma waya ta yi ta yankewa, amma ba shi ya hana ni amsawa ba. Na zauna da biro ya fi a ƙirga, in na kai wurin karsanar sai in ajiye.

Kaka, babu bene a inda nake. Ga yadda abin yake. A ƙasar nan hukuma takan ɗauki gari guda, ta haɗa masa duk dajin da ke kewaye da shi, da makiyaya, da duwatsu, da ƙauyuka, da wasu ƙananan garuruwa, ta zana layi a taswira ta kira abin duka birni. Kamar a ce an haɗa Kebbi da Sakkwato da Zamfara da wasu jihohin a ce duk sunansu Gwandu. Faɗin da Malam ya karanta maka faɗin layin ne. Mutanen da ke ciki duka ba su kai na birnin Kano ba. Na duba sauran da ke jerin. Nagqu tuddai ne masu sanyi da makiyaya. Altamira kurmi ne da koguna. Na Ostireliya yawancinsa fako ne da ramukan haƙar zinariya. Biranen da suka fi faɗi a duniya, galibinsu daji ne.

Awa huɗun da na ce maka, ciyawa ce. Tun daga bakin Hailar har gonar da nake, ciyawa ce shimfiɗe iyakar ganinka, yanzu kuma ƙanƙara ta rufe ta fari fat. Ginin da Yusufu Tela ya ƙirga tagoginsa, sau biyu na gan shi. Ɗakina yana jikin rumfar shanu, ina jin numfashinsu ta bango. Farar rigar ina sa ta ne a ɗakin gwajin madara, sau ɗaya a mako. Sauran kwanakin takalmin roba ne har gwiwa. Ina tatsa da inji, ina kwashe kashi, ina jan damin ingirici, wato busasshiyar ciyawa, ina shafa wa maruƙa mai a kunne don kada sanyi ya cinye. Maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Mongol ne, makiyaya tun kakanni. Akwai wani tsoho a cikinsu da ke kiran kowace saniya da sunanta, in ya tsaya ya harɗe hannu a baya sai in ga kamar kai ne.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ina son aikin. Mutanen nan suna yanka ciyawa da damina su adana, su ciyar da garke rabin shekara ba tare da saniya ta taka ko'ina ba. Shi na zo koyo, don in ya yiwu a nan ya kamata ya yiwu da ranin Gwandu. Amma duk lokacin da na so gaya maka sai in tuna fuskarka ranar da ka soke sandata a rufi. Na ce bari in bar tsoho da murnarsa shekara guda, wa zai cutu? Na zaɓi kalmomin da ba ƙarya ba ne, na jera maka su yadda za ka ga abin da kake so ka gani. Ga wanda ya cutu nan: Baba Lawal, da Mufida, da kai da na bari ka tsaya a gaban jama'a a kan maganata.

Kada ka je ko'ina da gwiwar nan. Ka girme shi, ba kai za ka je ba. Ni zan kira shi in ba shi haƙuri, in ya yarda ya ɗauka.

Ka yafe mini.

Sirajuddeen

*

Maruda
Watan Fabrairu

Zuwa ga jikana Sirajuddeen, makiyayin birni,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gwiwa ta kumbura, za ka ji dalili. Dije tana gaishe ka, ta soma yi mini magana.

Malam Shamsuddeen ya kawo mini takardarka, ya sa an buga ta a shago don in riƙe a hannu. Na karanta a zaure. Da na gama ya ce, “Baba, abin da na so gaya maka ke nan ran nan, ka miƙe.” Ban iya kallonsa ba. Mako guda ban je makaranta ba, ban bi ta bakin tasha ba, ko masallaci sai in shiga sahun baya in riga kowa fita.

Da farko kai na ɗora wa laifi. Na ce wa Dije yaron nan ya sa na yi abin kunya, ashe daji ne. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce, “To da a ce benen ne fa? Da ka yi daidai ke nan? Ko a saman hasumiya yake kwana, ana maido da saniyar suna? Kai da aka ba ka taka, har ka aure ni da jikokinta.” Wanda ya kira ni ɗan daji a ofis baƙo ne, bai san ni ba. Ni kuwa surukin gidana na yi wa, a ƙofar gidansa, ranar farin cikinsa.

Ka ce kada in je. Ba ka isa ba. Bakin da ya yi magana a gaban jama'a shi zai koma gaban jama'a. Na shiga motar Kalgo, daga nan ɗan acaɓa ya kai ni Wurogauri. Na yi la'asar a masallacinsu. Da aka sallame na miƙe na ce ina roƙon dattawa kada su watse, a taka mini zuwa ƙofar gidan Malam Lawal. Ya rasa yadda zai yi, ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya ce in hau buzu. Na zauna a ƙasa.

Na fito da takardarka na karanta musu, tun daga sallama har sa hannu. Ka san karatuna, a hankali ne, da yatsa. Shekarun nan ina burin ranar da zan yi karatu a gaban taro, ban san wannan ce ranar ba. Da na kai wurin kwashe kashi sai da na maimaita layin. Babu wanda ya yi dariya. Na fi son a ce sun yi.

Na naɗe takardar na ce, “Malam Lawal, ban zo don birnin ya zama daji ba. Ko da gini ne har bakin duniya, abin da na yi ba a yinsa. Na san haka tun ranar, na danne. Ka yafe mini, kuma in ba a sayar ba, ina roƙon ta yaro.”

Ya ce, “Baffa, tashi ka hau buzu, kana ba ni kunya.” Na ce ba zan tashi ba. Ya ce dillali ya riga ya zo ya gan ta, har ya yi tayi. Sai wani tsoho a gefe, mai ido ɗaya, ya ce, “Ni dai ban gane wuri guda ba. Wai rabin shekara shanu ba su fita? Mi suke ci?” Na buɗe takardar na sake karanta masa wurin ingirici. Wani ya ce ƙarya ne, ciyawa ba ta kai haka. Wani ya ce in da rumbu za ta kai. Gardama ta kaure, aka manta da ni a ƙasa.

Can sai Lawal ya ce, “Ashe mu ma a birni muke, layi ne ba a zana muna ba.” A nan ne aka yi dariyar, har da shi. Ya juyo ya ce, “Baffa, shanun nasu suna da tozo?” Na ce ban sani ba, yaron bai rubuta ba. Ya girgiza kai ya ce, “Wata huɗu yana cikinsu bai faɗi ko suna da tozo ba. Yaran yanzu.”

Ya tashi ya zagaya baya, ya dawo da igiya. Bai miƙo mini nan da nan ba. Ya ce, “Ba kai na ba ba, ba kuma kai za ka mayar ba. Ta yaro ce. Kai riƙo za ka yi.” Na ce na ji. Na karɓa da hannu biyu.

A can na kwana. An kawo mini Ɗanbirni na riƙe, ya kama gemuna ya ƙi saki. Da safe aka samo a-kori-kura aka ɗora ta. Direba ya ce zai kai mu har ƙofar gida. Da muka iso tashar Gwandu na ce ya tsaya, a sauke ta. Ya ce, Baba, da saura fa. Na ce na sani.

Majalisa ta cika, kamar an gaya musu. Na riƙe igiya na bi ta gabansu, ba sauri, don ita ma ba ta san gari ba. Yusufu Tela ya cire tabarau ya ce, “Malam Bawa, a wane bene?”

Na ce, “Hawa na ƙasa, irin na jikana.” Na tsaya na gaya musu komai a tsaye, ita kuwa tana cin ɓawon lemun mai shayi. Yusufu ya ce shi dama tun farko ya ce babu garin da ya kai haka. Na ce garin ya kai, ginin ne bai kai ba, kuma kai ne ka ƙirga tagogi. Daga nan na ja ta a ƙasa har Maruda. Gwiwata ce ta ɗauki hukuncin bakina.

Da na iso sai na tuna babu turke a gidan. Na tsaya a tsakar gida da igiya a hannu kamar baƙo. Dije ta fito ta dube ni, ta dubi karsanar, ta koma ɗaki ta fito da gatari ta ajiye a gabana. Na saro reshen marke na feƙe. Ramin tsohon turken bai gama cikewa ba, nan na kafa shi. Sandarka ma na sauko da ita daga rufi, gara ba ta taɓa ta ba. Aro na yi, in ka dawo ka karɓi abarka.

An kawo Mufida ranar Juma'a, da rakiyar mata mota guda. Kafin ta shiga ɗaki ta kai yaro wurin turke ta ɗora tafin hannunsa a goshin karsanar. Biron ma ta zo da shi, na ce a bar masa duka biyun. Laƙabin Ɗanbirni ya riga ya bi shi, har mutanen Wurogauri da shi suke kiransa, ba yadda zan yi. Ita kuma yaran Maruda sun sa mata suna Bene. Na hana, na gaji, yanzu in na kira ta da shi tana waigowa.

Batun yafiya, na yafe, kai ma ka yafe mini, kada mu ƙara maganar. Amma amsar wannan takarda ba na son gajeriya. Ka rubuto mini yadda suke yanka ciyawar, a wane wata, yadda suke shanya ta, da yadda suke hana ruwa shiga. Rani ya kusa, ina da baki guda da zan ciyar. Kuma surukinka ya aiko direban Kalgo har sau biyu yana tambaya, ni ma ina son in sani: suna da tozo?

Kakanka,
Bawa